Littafin aikin mayar da kwamfutocin ofishinmu kan Linux

Litinin, 18 ga Agusta, 2025

Yau na gama zagaye ofis da biro da takarda, na ƙirga kwamfutoci 23, har da ta sito da ta teburin karɓar baƙi. Kamfaninmu na rarraba iri da taki ne a nan Kano, ni kuma ni kaɗai ne mai kula da na'urorinsa. Ranar 14 ga Oktoba Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, saura ƙasa da wata biyu ke nan. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗansa: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma in furosesarta ta Intel ce, sai ta kasance zubi na 8 ko sama da haka. Guda 4 ne kacal suka cika sharaɗin. Sauran 19 duk tokumbo ne da aka saya a hankali cikin shekaru: 11 zubi na 4, 5 zubi na 3, sai laftof 3 zubi na 6. Babu wadda ta lalace a cikinsu. Kullum ana buga wasiƙa da su, ana lissafi, ana shiga intanet.

Na kai wa Manaja hanyoyi uku. Ko a sayi sababbi 19, ko a biya kuɗin ƙarin wa'adin tsaro, wanda ga kamfanoni dala 61 ne kan kowace na'ura a shekarar farko kuma yana ninkawa duk shekara, ko kuma a sauya babbar manhajar zuwa Linux. Ya jima yana duban takardar, sannan ya ce, "Malam, wannan Linux ɗin, in ka yi tafiya wa zai gyara mana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wata guda in kawo amsa." Tambayar nan tasa na rubuta a saman shafin farko, domin ta fi duk waɗanda na zo da su nauyi.

Asabar, 23 ga Agusta

Linux ba abu guda ba ne da za ka sauke ka ɗora. Ƙwaya ɗaya ce, amma kowace ƙungiya ko kamfani na haɗa ta da manhajoji da fuskar allo irin tasa, ya fitar da nasa nau'in. Na tsayar da huɗu don gwaji: Ubuntu 24.04, Linux Mint 22, Debian 13 da ya fito ranar 9 ga watan nan, sai Fedora 42. Na zuba su duka a filas guda da Ventoy, wanda ke ba ka damar zaɓar wanda za ka tayar ba tare da ka goge filas ɗin kowane lokaci ba.

Fedora ya fita tun kafin in kunna shi a na'ura ta biyu. Ya yi kyau ƙwarai, komai nasa sabo ne, amma duk wata shida ake fitar da wani, kuma kowanne kimanin wata 13 ake kula da shi. Ma'ana duk shekara sai na ɗaga kwamfutoci 19 zuwa sabon zubi. Wannan na mai kwamfuta ɗaya ne da ke son sabon abu. Ofis na son abin da za a kafa a manta da shi shekaru. Sauran ukun duk suna da dogon numfashi: Ubuntu 24.04 da Mint 22 har 2029, Debian 13 kuma har 2030 idan aka haɗa da shekarun kulawa na ƙarshe.

Talata, 2 ga Satumba

Kwana biyu ina karanta labarin waɗanda suka riga mu. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kwashe shekara goma yana aikin, ya mayar da kwamfutoci wajen dubu 15, sai ga majalisar birnin a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa nasu ya zauna. Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin da suka bi: a 2005 suka fara da sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, daga baya burauza, duk a kan Windows ɗin da mutane suka saba. Sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu. Ranar da aka sauya babbar manhajar, jandarma ya tarar da kayan aikin da hannunsa ya riga ya sani.

Shi na kwaikwaya. Yau na ɗora LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi, da burauzar Firefox a kan dukkan kwamfutocin, Windows na nan yadda yake. Na roƙi kowa ya yi aikin mako biyu da su, duk fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa daidai a ajiye mini shi a folda guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Asabar, 13 ga Satumba

Foldar ƙorafi ta tara fayil 31. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu matsala guda ce: wasiƙar da take shafi ɗaya ta zama shafi ɗaya da layi biyu, ko tebur ya ɗan goce. A kan Windows abin da sauƙi, amma da na buɗe su a na'urar gwaji ta Linux sai ya ƙaru, saboda salon haruffan Calibri da Cambria ba sa zuwa da Linux. Maganin kuwa yana nan kyauta. Akwai Carlito da aka auna faɗin haruffansa daidai da Calibri, da Caladea daidai da Cambria, sai iyalan Liberation da ke tsayawa a madadin Arial da Times New Roman. Da na ɗora su, fayil 26 suka koma mazauninsu.

Biyar ɗin da suka rage na sashen kuɗi ne. Hajiya akanta tana da wani babban fayil na Excel da ake lissafin bashin dillalai da shi tun kafin in zo kamfanin, cike da ƙananan umarni da wani ya rubuta a ciki. LibreOffice ya buɗe shi, wasu maɓallan sun yi aiki, wasu sun yi shiru. Ga kuma manhajar akanta da ba ta da zubin Linux sam. Na gwada ta da Wine, wanda ke tayar da manhajojin Windows a kan Linux, ta tashi, ta nuna rasit, amma wajen bugawa ta tsaya. Ban sake gwadawa ba. Kuɗin mutane ba wurin gwaji ba ne. Na je na same ta na ce, "Hajiya, ke da mataimakinki za ku zauna a Windows. Zan ba ku biyu daga cikin huɗun da ke ɗaukar Windows 11." Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, dama abin da ke hana ni barci ke nan." Tsofaffin nasu biyu za su koma hannun waɗanda aka karɓi nasu, da Linux a kai. Lissafi bai canza ba, 19 ne dai.

Laraba, 17 ga Satumba

Firinta uku gare mu. Babbar da ke kan layin sadarwar ofis, duk nau'o'in ukun sun gan ta da kansu ba tare da na ɗora komai ba, domin tana jin yaren bugawa na zamani da ba ya buƙatar direba. Ta biyu ma haka. Ta ukun, tsohuwar ƙarama ta sito mai igiyar USB, ita ta cinye mini yini. Irin waɗanda ba su da cikakkiyar ƙwaƙwalwar kansu ce, duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta tura mata ɗan fayil ɗin da za ta farka da shi. A Mint da Ubuntu hanyar ɗaya ce tunda gindinsu ɗaya, kuma amsar da na samu a rubuce don Ubuntu ta yi aiki a Mint harafi da harafi. Wannan ya shiga ma'auni. Duk wanda zai gaje ni zai nemi amsa ne a intanet, kuma amsoshin Ubuntu sun fi na kowa yawa.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau ce ranar da na fi jin daɗi tun da aka fara. Muna buga takardun bayani ga manoma da Hausa: yadda ake zuba taki, tazarar shuka, lokacin feshi. Baba sakatare, wanda ya fara aiki tun zamanin tafireta, shekaru yana fama da haruffa masu ƙugiya. Yana da wani fayil da ya ajiye ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a ciki, duk inda ya zo kan ɗaya sai ya je ya kwafo ya manna. In aiki ya yi yawa sai ya bar su, a buga "kasa" inda ake nufin ƙasa, manomi ya karanta ya gyara da kansa. Ni kam abin nan ya daɗe yana damuna. Takardar da za ta gaya wa mutum abin da zai zuba a gonarsa bai kamata ta bar masa canke ba.

A Linux, cikin jerin tsarin kibod da ke zuwa da kowane nau'i, akwai na Hausar Najeriya, har da na Hausar Gana. Ba sai an sauke komai ba. Na ƙara shi a na'urar gwaji, na sa alama a ƙasan allo da za a danna a koma Turanci ko Hausa, na manna 'yan takardu a kan maɓallan da suka canza. Na kira shi na ce, "Baba, zo ka buga mini ƙaiƙayi." Ya zauna, ya gyara tabarau, ya buga. Ya sake buga ɗanɗano, ya buga ɓarawo. Sai ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan a bar mini ita yau." Na bar masa. Don takardun Hausa na zaɓa mana Noto Sans da Charis SIL, domin ƙugiyoyinsu na fita tsaf, manya da ƙanana, ba sa aro daga wani salon su ɓata layi.

Wannan bai raba gardama tsakanin nau'o'in ba, tunda duk suna da shi. Amma ya ba ni mutum na farko da ke son sauyin don kansa, kuma maganar Baba tana da nauyi a ofis fiye da tawa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu ne, ofis babu kowa, na samu sararin yanke hukunci.

Debian na fi ƙauna a raina, kuma ba na ɓoyewa. Tun 1993 yake, ba kamfani ke riƙe da shi ba, jama'a ne masu aikin sa kai, kuma shi ne tushen da Ubuntu ya tsiro a kai, Mint kuma ya tsiro a kan Ubuntu. Ba ya canza maka abu da dare. Tun zubi na 12 ma faifan ɗora shi na zuwa da fayilolin da katin wayales ke buƙata, abin da a da yake wahalar da mutane. Sai dai yana ɗauka cewa mai ɗora shi ya san abin da yake yi. Misali ƙarami: in ka sa wa babban mai iko kalmar sirri wajen ɗorawa, mai amfani na farko ba zai samu ikon sudo ba, wato ikon gyara tsarin na'ura, sai ka ƙara shi da hannu. Ni na san wannan. Wanda zai zauna a kujerata bayana fa?

Ubuntu kuwa abu biyu suka sa na ajiye shi. Na farko fuskarsa. Na zaunar da mutum uku a gabansa, duk ukun suka kai maus ƙasan hagu suna neman inda ake buɗe manhajoji, ba su same shi yadda suka saba ba. Ana iya koyo, amma kowane koyo lokacin aiki ne. Na biyu ya fi girma, shi ne data. A Ubuntu, Firefox da wasu manhajoji na zuwa ne a ƙunshin snap, wanda ke sabunta kansa daga rumbun kamfanin kai tsaye, kowace na'ura ta sauke nata. A inda intanet ba shi da iyaka wannan alheri ne. Mu kuwa data muke saya wata-wata, kuma in ta ƙare kafin ƙarshen wata ni ake kallo. Mint na kawo Firefox a ƙunshin deb na gargajiya, wanda zan iya saukewa sau ɗaya in raba wa kowa a cikin gida.

Saboda haka Linux Mint, zubi na 22.2 da ya fito a watan jiya, da fuskar Cinnamon. Jerin manhajoji a ƙasan hagu, agogo a ƙasan dama, manhajar sabuntawa da alamar garkuwa da kowa zai gane. Abin da ke ɗan tsaya mini a rai shi ne ƙungiyar da ke yin sa ƙarama ce, kuma a kan aikin Ubuntu take gini. Amma su ma sun yi tunanin haka, shi ya sa suke riƙe da LMDE, wato Mint iri ɗaya a kan Debian kai tsaye. In wata rana ƙasa ta motsa, akwai inda za mu koma ba tare da fuskar allo ta canza wa Baba ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na so in sa wa raunanan na'urori biyar ɗin nan na zubi na 3 fuskar Xfce mai sauƙin nauyi, sai na fasa. Fuska biyu a ofis ɗaya na nufin bayani biyu ga kowace tambaya. Na gwada wata dabara a guda ɗaya: na cire tsohon faifan ajiya mai juyawa na sa SSD, faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, na ƙara ram daga gigabait 4 zuwa 8. Na'urar da a da ake kunna ta a tafi alwala a dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta tashi. Na nuna wa Manaja da idonsa, ya sa hannu a takardar sayayya nan take. Na je Beirut Road na haɗo SSD da ram na duk waɗanda ke buƙata, kuma kuɗin gaba ɗaya bai kai na sababbin kwamfutoci biyu ba. Tsofaffin faifan na rubuta wa kowanne sunan teburinsa na kulle a durowa. Windows ɗin kowa da fayilolinsa na nan a ciki, ko da za a ce a koma.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar da ake ta faɗa ta zo. Windows 10 bai mutu ba, yana tashi kamar jiya, gyaran tsaro ne ya tsaya. Takwas sun koma Mint, saura 11. Waɗanda ake shiga banki da imel da su na fara yi.

Asabar, 25 ga Oktoba

An gama 19. Hanyar da na bi: na shirya na'ura guda tsaf, da salon haruffa, da kibod na Hausa, da firintoci, a tsarin ɗorawa na OEM wanda ke barin sunan mai amfani da kalmar sirri sai ranar kunnawar farko. Sannan na ɗauki hotonta, wato cikakken kwafin faifanta, da manhajar Clonezilla na zuba wa sauran. Kowace ba ta wuce minti ashirin ba. Kowane ma'aikaci asusu mara iko na ba shi, asusun gyara daban, kalmar sirrinsa a ambulan a cikin sef ɗin Manaja.

Wata tsohuwar kwamfuta da ke jibge a sito na mayar uwar garke, kuma ita kam Debian na sa mata, tunda ba mai zama a gabanta. Aikinta apt-cacher-ng: na'ura ta farko da ta nemi sabuntawa, uwar garken ta sauko da ita daga intanet ta ajiye, sauran 18 su ɗiba daga wurinta ta layin ofis. Abin da za a sauke sau 19 ya koma sau ɗaya. Na duba rajistarta bayan sabuntawar farko na ga yadda buƙatu ke shigowa ana amsa su daga cikin gida, na ji sanyi a raina.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Matsala biyu a mako guda. Ranar Laraba aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa a kwamfutar teburin baƙi, wadda ba ta kan inbata, kafin a tayar da janareta ta mutu. Ta tashi lafiya, amma manhajar sabuntawa ta ƙi ci gaba tana cewa an katse aiki. Umarni guda ya warware ta, sudo dpkg --configure -a, wanda ke ƙarasa abin da aka bari rabi. Na rubuta shi a littafin gyara da nake haɗawa, da Hausa, da hoton saƙon da ke fitowa. Na kuma tsayar da doka: ba a sabuntawa sai ranar Asabar da safe, kan inbata.

Ta biyu daga saitin da na yi ne. Na bar Timeshift, mai ajiye kwafin tsarin na'ura don a koma masa in abu ya ɓaci, yana ɗaukar hoton tsarin kullum yana tarawa, a kan SSD mai gigabait 128, har ta kusa cika a na'urori uku. Na rage zuwa biyu na mako-mako. A nan ne kuma na ga dole in fayyace wa kowa wani abu: Timeshift tsarin na'ura yake adanawa, ba ya taɓa takardun mutum. Wasu sun ɗauka an gama musu ajiya. Na buɗe wa kowane sashe folda a uwar garke, kuma duk Juma'a kafin a tafi masallaci ana kwafe ta zuwa faifan waje da ke kwana a wani gini daban.

Asabar, 6 ga Disamba

Tun watan jiya nake koyar da wata ma'aikaciyar sashen rajista, wadda na lura ita ce abokan aiki ke kira in ba su gan ni ba. Awa ɗaya duk Asabar: ƙara firinta, sauya kalmar sirrin wanda ya manta, mayar da tsari da Timeshift, zuba hoton Clonezilla a sabon faifai. Makon jiya na tafi Zariya bikin ƙanwata, kwana biyar, na ce mata kada ta kira ni sai in abu ya fi ƙarfin littafin. Ba ta kira ba. Da na dawo na tarar ta ƙara shafi biyu da rubutun hannunta. Firintar sito ta daina amsawa bayan an canza mata ramin USB, ta cire ta ta sake ƙarawa. Wani kuma ya danna maɓallin sauya kibod bai sani ba, kalmar sirrinsa ta riƙa ƙin shiga, ta gano daga alamar da ke allon shiga. Wannan na biyun ban taɓa cin karo da shi ba, ita ta koya mini.

Na ɗauki littafin na kai ofishin Manaja na buɗe masa shafukan nan biyu. Ya karanta, ya ce a ƙara mata alawus daga wannan watan, kuma a rubuta sunanta a ambulan ɗin da ke cikin sef.

Abin da ya rage: fayil ɗin bashin dillalai na Hajiya, da muka yi alkawarin zama mu sake gina shi a hankali bayan rufe lissafin shekara, ƙaramar batir ta tsaye ga kwamfutar teburin baƙi, sai busa ƙura, domin hunturu ya shigo kuma fankar biyu daga cikin na zubi na 3 ta fara ƙara. Asabar mai zuwa za mu buɗe su duka da abin hura iska, ni da ita, mu fara daga sito.